Robar Mahaifa Da Ciwon Sanyi Mai Dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Haihuwata biyu duk tiyata aka yi mini, sai likita ta sa mini robar mahaifa da yardar maigida. Tun daga nan ciwon sanyi ke ta dawo mini, farin ruwa mai ƙarni, sau huɗu ke nan ina shan magani. Wata malama ta ce ishara ce, wai robar kisan ɗa ce. Ya halatta in bar ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Tazarar haihuwa da yardar miji, balle bayan tiyata biyu, halal ce.

Maganar malamar kuwa ba daidai ba ce. Na san inda ta samo ta. Mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya ya hana fitar da maniyyi bayan mahaifa ta riƙe shi, ko da bai kai kwana 40 ba, Lakhmi, ɗaya daga malaman mazhabar, ne ya sassauta. To amma sai ciki ya shiga ake maganar zubarwa. Likitoci sun tabbatar asalin aikin roba mai jan ƙarfe shi ne raunana maniyyi tun bai haɗu da ƙwai ba, mai sinadari kuma takan kauraro ruwan bakin mahaifa har ya tare hanya. Wannan ya fi kusa da azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje. Shakkun cewa wataƙila wani ƙwai ya haɗu ya kasa zama, ba a gina haramci a kansa, balle a kira shi kisa. Kuma wa ya sanar da ita gaibu, har ta ce cuta ishara ce?

Abin da ya tsayar da ni shi ne cewar da kika yi "tun daga nan". Haɗarin ƙwayar cuta ta haura mahaifa ya fi yawa a makonni ukun farko bayan sawa, amma roba mai jan ƙarfe takan sa irin ruwan nan ya yawaita ga wasu mata. Ki koma wajen likita mace a gwada ruwan, ki daina sayen Flagyl a kemis da ka. In ta tabbatar robar ce sila, kuma akwai allura ko ashana (wadda ake sawa a damtse) da za ta karɓe ki, cirewa ta wajaba, ko maigida bai so ba, domin ba a yi masa biyayya a cutar da jiki. In ba ita ba ce, ki bar abarki.

Ki guji matsi da kayan mata da wanke can ciki da sabulu, su ma suna tayar da ciwon. In gwaji ya nuna cutar da ake ɗauka ta saduwa ce, sai maigida ya sha magani, da abokiyar zamanki in akwai. Zazzaɓi da ciwon mara kuwa ba a kwana da su.

Ruwan nan ba haila ba ne, kada ki bar salla. Wallahu a'alam.