Gina mota, ƙera ta, ko harhaɗa ta?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ina sha'awar 'yan motocin tseren nan masu gudu da lantarki a kan titin roba mai tsaga a tsakiya, irin na Scalextric. Na sayo gangar jikin Maserati 250F, da tayoyi, da ɗan inji, kowanne daban, ina ta aiki a kai. Na ce wa abokina mota nake ginawa, sai ya kwashe da dariya. Wace kalma ce daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka bai yi laifi ba. Gini aikin ƙasa ne da laka. Ana gina ɗaki, ana gina katanga, ana gina tukunya, a bakin mutane da yawa har rijiya gina ta ake yi. Mota kuwa ba ta cikin dangin nan.

Kalmar da ta fi kusa ita ce ƙera, amma ita ma a yi hattara. Ƙira ta maƙeri ce: ya sa ƙarfe a wuta, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya buga har siffar da ba ta nan ta fito. Shi ya sa za mu ce kamfanin Maserati ya ƙera 250F a garin Modena na Italiya tun daga 1954, motar da Juan Manuel Fangio, ɗan Ajantina, ya ci gasar duniya da ita a 1957. A shekarar ce kuma aka fara sayar da Scalextric a Ingila, kuma motocinsa na farko da fallen ƙarfe aka yi su, don haka su ma ƙera su aka yi. Kai har yaron unguwa da ya yanka gwangwani ya lanƙwasa ya fitar da motar langa-langa, in ya ce ƙerawa ya yi, ba zan musa masa ba.

Kai fa sassan a shirye suka zo maka. Aikinka harhaɗawa ne. Haɗa ta isa in abu biyu ne, amma da yake ga inji, ga tayoyi huɗu, ga ɗan harshen roba mai shiga tsagar titi, ga zaren tagulla biyu masu shafar ƙarafunan titi su kwaso wuta, sai Hausa ta ninka gaɓar farko, kamar yadda yanka ke zama yayyanka. Da icce ka samo ka fafe gangar jikin da hannunka, da sai mu ce ka sassaƙa.

Abin da ya biyo baya, wato gogewa da samfefa, da fesa jan fentin da aka san motocin tseren Italiya da shi, da liƙa lamba, ado ne, ko ka ce ƙawatawa. Ɗan direban da za ka zaunar a ciki da hular kwano, sunansa mutum-mutumi. Ina son wannan kalma, domin ninkin da ke cikinta yana nuna abu ya yi kama amma bai kai ba, kamar fari-fari da ruwa-ruwa. Tunda ma'aunin da aka fi yayi kashi 1 ne cikin 32, motar da ta kai mita 4 za ta dawo santimita 12 da rabi a tafin hannunka. Kama da wane dai ba wane ba ne.

Tambaya: Malam, mahaifina yakan ce mini "sauri ya haifi nawa" in ya ga ina rawar jiki wajen fenti. Tambaya yake yi, wato 'ya'ya nawa sauri ya haifa?

Amsa: A'a, ba tambaya ba ce, kuma ba kai kaɗai kake wannan fahimtar ba, rubutun boko ne ya jawo. Kalmomi uku ne muke rubutawa iri ɗaya. Akwai nawa ta mallaka, kamar littafin nan nawa ne, ana jan wasalin farko. Akwai nawa ta tambayar adadi, wasulanta duka gajeru. Sai ta uku, wadda ake jan ƙarshenta, ma'anarta jinkiri da rashin hanzari, kamar a ce wane yana da nawa wajen aiki. Ita ce a karin maganar: gaggawa ita ke haifar da ɓata lokaci.

Baba ya san abin da yake faɗi. Ka labta fenti mai kauri don ka gama da wuri, sai ya zubo ya daskare a gefen mota, dole ka jira ya bushe, ka kankare, ka sake daga shafin farko. Masu wannan aiki shafi siriri suke fesawa, su bari ya sha iska kafin su ƙara wani. A kan titi ma haka ne: in ka danne makunnin gudu har cikin kwana, harshen zai fice daga tsaga motar ta wuntsila, kafin ka ɗauko ta ka mayar abokin tserenka ya yi maka nisa.