Nod ɗinka da ya tsaya a mahaɗa goma: duba adireshin rauta tukuna

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka tayar da nod na Bitcoin Core (wato kwamfutar da ke gudanar da manhajar tantance cinikin Bitcoin) a gidanka a Kubwa, ka buɗe ƙofa 8333, lambar mashigar da sauran nod ke bi su iso gare ka, a rauta, amma mahaɗanka sun tsaya a goma, ba mai shigowa daga waje, ga rautar tana sandarewa da dare. Ni ma na sha wannan wahalar a Lugbe, sati biyu ina kashe rauta ina kunnawa, saboda haka bari in rage maka hanya.

Goman nan dai ba lalacewa ba ce. Manhajar da kanta take fita ta nemo abokai goma, takwas masu kawo komai, biyu masu kawo bulo kaɗai, wato ƙunshin cinikin da aka riga aka tabbatar. Da su nod ɗinka yake tantance ciniki lafiya lau. Abin da ka rasa shi ne baƙi masu ƙwanƙwasa maka ƙofa, waɗanda za su iya kai ka har 125. Buga bitcoin-cli getnetworkinfo, za ka ga connections_in, wato adadin masu shigowa, a sifili.

Ga inda gizo ke saƙa. Shiga shafin rautarka, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ne, ka nemi inda aka rubuta WAN IP, wato adireshin da kamfanin intanet ya ba rautar. Sai ka tambayi Google adireshin da duniya ke ganinka da shi, ka gwada su. In na rautar ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, kuma bai yi daidai da na Google ba, to kana bayan abin da ake kira CGNAT. Kamar rukunin gidajen nan ne na Abuja masu get ɗaya: ɗaruruwan mutane, adireshi guda, kai kana fita yadda ka ga dama, maigadi ya san ka in ka dawo, amma baƙon da bai san lambar gidanka ba a bakin get zai tsaya. Ka wangale ƙofar falonka, a banza, don makullin get ba ya hannunka. Yawancin rautocin da ake saka wa sim haka suke, har Starlink ma a tsarinsa na gida. Tawa ta sim ce a lokacin, na gyara saitin ƙofar nan ya fi sau ashirin, har na zargi rautar na sayo sabuwa a Banex. Kuɗin ya tafi, sifili na nan.

Mafita biyu na sani. Ko ka nemi kamfaninka ya ba ka adireshin kanka, wanda masu faiba suka fi yarda da shi, galibi da ƙarin kuɗi. Ko ka bi ta Tor, manhajar da ke bi da kai intanet ta ɓoyayyar hanya. Ni Tor na fara bi, kuma shi nake ba ka shawara. In ka girka shi ka ba Bitcoin Core damar magana da shi, zai ƙirƙira maka adireshin onion, wato adireshinka na cikin Tor, baƙi su riƙa shigowa ba tare da ka taɓa rauta ba. Yana da ɗan nauyi, kuma baƙin ba sa zuwa rana ɗaya, ka ba shi kwanaki.

In kuwa WAN ɗin ya fara da 192.168, rauta biyu ke gare ka a jere, ta kamfani da taka. Buɗe ƙofar a duka biyun, ko ka mayar da ta kamfanin gada kawai, wato ta riƙa miƙa intanet kai tsaye ga taka.

To in adireshin biyu sun zo ɗaya fa? Nan ɗan hakin da ka raina yake. Bayan na koma faiba komai ya daidaita, sai ran nan aka ɗauke wuta, aka dawo da ita, baƙi suka ɓace. Ashe rautar da ta farka ta sake rabon adireshin cikin gida: kwamfutar da ke kan 192.168.1.5 ta koma .7, wayar ɗana ta gaje .5, ƙofa 8333 tana ta tura mutane wajen yaro mai kallon katun. Ka ɗaure wa kwamfutar adireshi ɗaya a sashen DHCP na rautar, mai rabon adireshin cikin gida, ka tabbata katangar tsaron kwamfutar (firewall) ta bar 8333 ta TCP. Gwajin kuma a shafin intanet mai duba ko ƙofa a buɗe take za ka yi shi, nod yana kunne.

Sandarewar dare daban ce. In har yanzu kana sauke tarihin bulo, wanda ya haura giga 600, ƙaramar rauta na jin jiki, balle a zafin Maris. Tawa a kan inbata na ajiye ta, in ka taɓa kamar dutsen guga. Sauke ta inda iska ke bugawa, ka haɗa kwamfutar da kebul ka bar wayifai, ka samo mata ƙaramin batirin nan mai bolt 12 don kada ta mutu kafin a tayar da janareta. Kada kuma prune=550, saitin da ke goge tsofaffin bulo, ya ruɗe ka, wurin ajiya yake ragewa, data kam sai ka sha ta duka.

Ranar da baƙi suka fara shigowa kuma za ka ga wani sabon salo, don in ba ka sa prune ba, sababbin nod za su riƙa jan tsofaffin bulo daga wajenka. Uwargida ce ta fara ganewa, kiran bidiyonta da Hajiya a Kano ya dinga yankewa. Na sa maxuploadtarget=5000, wato iyakar abin da nod zai tura waje kusan giga 5 a awa 24, da maxconnections=40 mai taƙaita mahaɗa, a cikin fayil ɗin saiti bitcoin.conf, aka samu zaman lafiya.

Turo mana rukunin lambobi biyu na farko na WAN ɗinka, kada ka sa cikakken adireshin a nan, sannan ka faɗi ko rautar ta sim ce ko ta faiba.