Hawan Tubkal a ƙarshen Nuwamba: me zan saya, me zan karɓa haya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan Zariya, ina karatu a Fas ta ƙasar Maroko. Mu huɗu muka tsara hawan dutsen Tubkal a makon ƙarshe na Nuwamba, kowa da jakarsa a baya. Kuɗina ba su taka kara sun karya ba. Abokina ya ce mu yi karo-karo mu sayi tanti da murhun gas, mu kwana a hanya, kwana biyu mu dawo. Tanti za mu fara saya ko jakar barci? Kuma rigar sanyin da nake sawa da hunturu a gida za ta ishe ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ku bar maganar tantin nan. A ƙafar ƙololuwar Tubkal, a tsayin mita 3,207, akwai masauki biyu na masu hawa, ɗaya na ƙungiyar masu hawan dutse ta Faransa reshen Kasabalanka, ɗayan kuma Les Mouflons. Akwai gado, akwai dafaffen abinci da shayi. Kuɗin tanti da murhu sun biya muku kwanan har da canji, bayanku kuma ya huta. Murhun ma yana da nasa sharri: gas ɗin butan zalla ba ya tashi idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili, sai ka yi ta kyasta ashana a banza.

Rigarka ta hunturu kuwa, ka yi haƙuri, ba za ta yi ba. Tubkal mita 4,167 ne, babu dutsen da ya kai shi a Arewacin Afirka. Cappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne, wato masaukin da za ku kwana ma ya ɗara shi nesa. Duk mita dubu da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri shida da rabi. Idan birnin Marrakesh da ke kusa da dutsen na digiri 20 da rana, ƙololuwar na ƙasa da sifili, tun kafin iska ta sa baki. A irin wannan lokaci na ƙarshen kaka galibi dusar ƙanƙara ta fara sauka a sama.

Abin da ke kayar da mutane shi ne gumi. Za ka yi gumi a hawa, ka tsaya hutawa, rigar auduga ta riƙe jiƙa ta manne maka, sai kaɗuwar sanyi. Don haka kada auduga ta taɓa fatarka, har singileti da safa. Ka sa riga ta ulu ko ta zaren roba a ciki, mai kauri a tsakiya, sannan wadda iska da ruwa ba sa ratsawa a sama. Uku masu sauƙi da za ka cire ɗaya ka mayar sun fi jibgegiya guda. A kasuwar gwanjo za ka samu ta tsakiyar da araha, ba abin kunya ba ne.

Inda zan so ka kashe kuɗi ba ƙyashi shi ne takalmi. Mai rufe idon sawu, mai taurin tafi, wanda ruwa ba ya shiga. Ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka hau da ita, ka bar wa yatsu wuri, domin a gangara ne farce ke mutuwa. Ka saya yanzu, ka riƙa zuwa aji da shi. Sabon takalmi ranar tafiya, bororo ne. Sai safar hannu, hular ulu, tabarau na rana, da tocila ta goshi, tunda da asuba ake tashi zuwa ƙololuwa, kuma rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas a agogon Maroko.

Ƙarafan nan masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi don taka ƙanƙara, da gatarin ƙanƙara, da sanduna, duk haya ake ba da su a ƙauyen Imlil inda ake fara hawa. Jakar barci ma haka. In ka matsa sai ka sayi taka, ka duba lambobi uku na ma'aunin sanyi da ke jikinta. Ta farko, ta barci cikin jin daɗi, ita za ka bi. Ta ƙarshe mai ban sha'awar nan ma'anarta ba za ka mutu ba, ba wai za ka runtsa ba.

Kwana biyun ne ya fi damuna. Daga Imlil, mai tsayin kusan mita 1,800, zuwa masauki hawan awa biyar zuwa shida ne, ta wajen hubbaren Sidi Shamharush. Washegari saura hawan mita 960 zuwa ƙololuwa. Ciwon tsauni na iya kama mutum daga mita 2,500, ba ruwansa da ƙarfinka ko ƙwallon da kake bugawa: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Ku ƙara kwana ɗaya, ku kwana a Imlil tukuna. Wanda ya fara tangaɗi kamar mashayi ko numfashi ya gagare shi yana zaune, a sauko da shi nan take, ko da dare ne.

Tambaya: Malam, ɗana ne ke Rabat, ya ce za su hau wannan dutse. Na ji an yi girgizar ƙasa a can. In hana shi?

Amsa: Hajiya, gaskiya ne. Ranar 8 ga Satumba 2023 girgizar ƙasa ta auka wa lardin Alhauz inda dutsen yake, kusan mutum 3,000 suka rasu. An sake buɗe hanyar hawa bayan haka. Kuma tun kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido a Disambar 2018, hukuma ta wajabta tafiya da ɗan jagora, jami'an tsaro na duba fasfo a hanya. Ba sai kin hana shi ba. Ki dai sa masa sharaɗi: ya turo miki lambar ɗan jagoran da ranar da za su sauko, kuma in ɗan jagora ya ce a juya saboda iska, ya juya ba gardama. In da hali ki ƙara masa kuɗin kwana na uku.