Maus ɗaya, laftof ɗaya, Windows da Ubuntu

Jiya da yamma muna rufe shago a titin Otigba, cikin kasuwar Computer Village ta Legas, ka tambaye ni batun maus ɗin ɗalibin nan da ya zo daga Agege. Laftof ɗinsa tana ɗauke da manhajoji biyu masu tuƙa kwamfuta, Windows da Ubuntu (wani nau'in Linux), maus ɗin yana aiki a ɗaya, da an haɗa shi da ɗayan kuma aka dawo sai ya yi shiru. Har ka ce ko mu yi mata fomat. Saurin kama mota ya hana ni tsayawa, to ga amsar yanzu, yarona. Kada ka yi fomat, lafiyar na'urar ƙalau, maus ɗin ma haka.

Duk maus marar waya da aka miƙo maka, fara juya cikinsa ka duba. Iri biyu ne. Akwai mai ɗan risiba da ake sokawa a ramin USB, akwai mai Bluetooth. Dukansu a zangon 2.4GHz suke magana, amma cutarsu daban, maganinsu daban. Kafin komai kuma ka sa masa sabon batir. Batir ɗin da ake tallarsa a gefen titi yakan kunna fitilar maus amma ba shi da ƙarfin kai saƙo, na sha ganin an tsine wa Windows saboda shi.

Mai risiba ba ruwansa da wace manhaja ke tuƙa kwamfuta. Windows, macOS, Linux, duk kallon maus mai waya suke yi masa, domin ƙa'idar HID da yake bi, wato ta na'urori irin su maus da kibod, tana cikinsu tun asali. In ya ƙi, ramin za ka tuhuma. Leƙa ka gani, in harshen ramin shuɗi ne, USB 3.0 ne, kuma wannan yana fitar da hayaniyar da ke shiga zangon maus. Kamfanin Intel da kansa ya fitar da bayani a kan haka a 2012. Gwada da hannunka: soka faifan ajiya na waje a ramin da ke maƙwabtaka da risiba, ka fara kwafar babban fayil, za ka ga kibiya tana tafiya tana cijewa kamar mai ɗingishi. Mayar da risiba wancan gefen, ko ka sa mata 'yar gajeriyar wayar ƙari, shi ke nan. Ka kuma kula da kayan Logitech: risibar Unifying mai tambarin ruwan lemo ba ta jin maus ɗin Bolt da ya fito a 2021, ko da girmansu ɗaya.

Na ɗalibin nan Bluetooth ne, nan ne aikin yake. Lokacin da ka haɗa maus da kwamfuta, su biyun suna ƙulla wani mabuɗin sirri, kowa ya ajiye kwafinsa. Maus yana gane kwamfuta ne da lambar katin Bluetooth ɗinta. To katin nan ɗaya ne a cikin laftof, lambarsa ɗaya, ko Windows ka kunna ko Ubuntu. Ka haɗa a Windows, an ƙulla mabuɗi. Ka shiga Ubuntu ka sake haɗawa, maus ya ga lambar da ya sani, ya goge tsohon mabuɗi ya ajiye sabo. Ka dawo Windows tana riƙe da tsohon mabuɗi, ƙofa kuwa an riga an canja mata kwaɗo. Shi ya sa za ka ga sunan maus ɗin a jerin na'urori, amma ko motsi.

Mafi sauƙi, in maus ɗin yana da maɓallin 1, 2, 3 a ƙasansa, ba Windows lamba 1, ba Ubuntu lamba 2. In yana da risiba a cikin gidan batir, ya yi amfani da ita ya huta. Akwai hanya ta uku, a haɗa a Ubuntu tukuna, sannan a Windows, sai a ciro mabuɗin daga rajistar Windows, inda take ajiye saitunanta, a rubuta shi cikin foldar /var/lib/bluetooth ta Ubuntu. Tana aiki, amma ban yarda ka fara koyonta a kan na'urar kwastoma ba. Ranar Asabar in kasuwa ta lafa za mu yi ta tare a kan tsohuwar laftof ɗin shago.

Abu biyu kuma da za ka riƙa cin karo da su a Computer Village. Tsofaffin laftof na gwanjo masu Windows 7 ba sa ganin maus ɗin Bluetooth mai ƙaramin cin wuta, sai daga Windows 8 zuwa sama. Sannan in maus yana yankewa bayan an ɗan bar shi, shiga Device Manager na Windows, buɗe katin Bluetooth, cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi don tsimin wuta.

In ɗalibin ya dawo gobe, buɗe murfin batir a gabansa ka duba ko risibar tana ciki. In babu, ka duba maɓallin lambobi, sannan ka kira ni.