Kwamfutar gida: ta kwana a kunne ko a kashe ta?

Wani malamin sakandare daga Kano ya rubuto cewa ya sayi kwamfutar tebur ta hannu, yana shirya jarrabawa da sakamakon ɗalibai a kanta. Mai gyaran da ya haɗa masa ita ya gargaɗe shi kada ya riƙa yawan kashewa, wai kunnawa da kashewa ne ke cinye ran na'ura. Ƙaninsa kuma ya ce barin ta a kunne ɓarnar wuta ce kawai. Tambayarsa ita ce, maganar wa zai bi?

Malam, ka riƙa kashe ta idan za ka kwanta, kuma ka zare filoginta daga bango. Amma mai gyaranka bai yi ƙarya ba, tsohuwar gaskiya ce ya riƙe, don haka bari in fara da ba shi haƙƙinsa.

A da, wurin ajiyar kwamfuta faifai ne na ƙarfe mai juyawa, sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansa tana karatu. Lokacin tashi da lokacin tsayawa su ne suka fi wahalar da irin wannan faifan, har akan samu tsofaffin da allurar ke manne wa faifan bayan dogon hutu, ya ƙi juyawa. Ga kuma batun zafi da sanyi: ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, yana tsukewa in ya huce, kuma yawan hakan na iya tsattsage dalmar da ta riƙe kayan ciki. Daga nan shawarar ta samo asali, kuma ta fito ne daga ƙasashen da wuta ke yin watanni ba ta ƙifta ba. Faifan zamanin nan an ƙera shi ya jure tashi da tsayawa sau dubun-dubata. In kana kunnawa sau biyu kullum, sau 730 ke nan a shekara. Kwamfutar za ta tsufa ta zama ba ta da amfani kafin ka ƙure wannan adadin. Idan kuma SSD ce a ciki, wato sabon nau'in wurin ajiya marar faifai, ai babu abin da ke juyawa ma sam.

Abin da na fi so ka duba shi ne halin da muke ciki a nan. A wajenmu, wanda ya ce ba zai kashe kwamfutarsa ba, za a kashe masa ita ne, kuma ba da lallami ba. Idan ka danna kashewa da kanka, Windows yana rufe fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da ya rage a faifai, sannan ya yanke wuta. Idan kuwa ɗauke wuta aka yi, komai yana tsayawa ne a tsakiyar aiki, kamar a fizge wa marubuci takarda alƙalami na kai. Sau da yawa ba abin da ke faruwa. Wata rana kuma sai ta dace da lokacin da ake rubuta wani muhimmin fayil ko ake sabunta Windows, gari ya waye ta ƙi tashi. Dawowar wutar ta ma fi ɗaukewar haɗari, domin takan zo da ƙarfin da ya wuce kima na ɗan ƙiftawar ido, kuma wannan ƙiftawar ta isa ta ƙone akwatin wutar kwamfuta. Ni kaina na taɓa rasa wata ta wannan hanya. Na bar ta a jone na fita sallar asuba, na dawo na tarar da ƙaurin ƙuna a ɗakin. Kuɗin gyaran bai dame ni ba kamar aikin wata biyu da ban ajiye kwafinsa a ko'ina ba. Shi ya sa nake nanata zare filogi: kwamfutar tebur ko an kashe ta, muddin tana jone, akwai 'yar wuta da ke zagayawa a cikinta tana jiran a danna maɓalli, kuma ta wannan ƙofar ɓarna ke shiga. Da damina, in hadari ya haɗu ana walƙiya, har wayar intanet da ke shiga bayanta a cire.

Sai lissafin kuɗi, wanda shi ne hujjar ƙaninka. Mu ɗauka kwamfutarka da allonta suna jan wat 60 in suna zaune ba aiki. In kana amfani da ita awa 6 a rana, sauran awa 18 ɗin sun ci wat 1,080 na awa guda ke nan, wato yunit ɗaya da ɗoriya kullum, kimanin yunit 32 a wata. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin masu Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya sauko zuwa wajen naira 209. A kan wannan farashin, kusan naira 6,700 ne a wata kan na'urar da ba kowa a gabanta. Ga mai inbata kuwa abin ya fi ciwo. Batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200, in ana so ya yi ƙarko, rabinsa ake sha, wato wajen wat 1,200 na awa guda. Kwamfutar da ta kwana awa 10 a kunne ta kwashe 600 daga ciki. Rabon fankar yara ne ta cinye a daren Afrilu.

Kada mu manta da ƙura. Fankokin cikin kwamfuta iska suke zuƙowa daga ɗaki, kuma a hunturu kowa ya san abin da ke cikin iskar. Duk awar da ta yi a kunne, ƙura tana taruwa a kan ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta. Sai bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, na'urar da hancinta ya toshe ta fara gurnani tana kashe kanta. Ka ɗaga ta daga ƙasa ka ɗora a tebur, ka rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, kuma a hure mata ƙura in hunturu ya wuce.

Da rana, in za ka tashi cin abinci ko salla, ba sai ka kashe ba. Ka sa ta barci da maɓallin Sleep, wanda ke rage shan wuta zuwa wat ɗaya ko biyu, ka dawo ka tarar da aikinka yadda ka bar shi. Ka dai adana fayil kafin ka miƙe. Sannan akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Tun Windows 8 da ya fito a 2012, danna Shut down ba ya wanke komai. An sa masa wata dabarar saurin tashi da ke ajiye wani ɓangare na tsarin a faifai don a ɗauko shi gobe, har da 'yan matsalolin da ya tara. Restart ne ke farawa daga tushe. Saboda haka ko kana kashewa kullum, ka yi Restart sau ɗaya a mako. Microsoft yana fitar da gyare-gyaren tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma yawancinsu ba sa kammala shiga sai an sake tayar da na'urar. Ka zaɓi lokacin da wuta ta zauna ka bar su su gama.

Wanda zai bar kwamfuta a kunne dare da rana shi ne wanda take wa aiki a daren: mai kyamarorin tsaro da ke naɗa a kanta, ko mai sauke babban fayil da datar dare, ko mai shagon da wasu na'urori ke karatu daga gare ta. Shi ma sai da batir a bayanta.

Wata ɗaliba daga Zariya ta tambaya game da laftof. Ta ce ba ta taɓa kashe tata ba, rufe murfin kawai take yi ta jefa a jaka, kuma in tana ɗaki kullum caja na jiki. Kwanan nan ta lura wurin da ake goga yatsa ya ɗago sama.

'Yar'uwa, ki daina amfani da ita yau ɗin nan ki kai wa mai gyara. Wannan ɗagowar alama ce ta batir ya kumbura, kuma batirin litiyam da ya kumbura yana iya kamawa da wuta in aka matse shi ko aka huda. Kada ki danna shi don ya koma. Abu biyu ne suka fi kashe irin wannan batirin: zafi, da zama a cike fal kullum. Ke kuma kin haɗa masa duka biyun. Rufe murfi barci ne kawai, kuma sababbin laftof da dama sukan farka a cikin jaka su ci gaba da aiki ba iska, sai ki ciro ta da zafi kamar dutsen guga. In tafiyar ta wuce ta 'yan mintoci, ki kashe, ko ki yi amfani da Hibernate, wanda ke juye aikinki cikin faifai ya yanke wuta gaba ɗaya. Bayan an canza batir, ki duba manhajar kamfanin: Lenovo da Dell da ASUS duk suna da saitin da ke tsayar da caji kafin ya cika, galibi a kashi 80 ko ƙasa da haka. Kuma a daina ɗora ta a katifa, ramukan shan iskarta a ƙasa suke.

Tambaya ta ƙarshe daga wani mai shagon buga takardu ce a Gusau: kuɗinsa na abu ɗaya ne, sitabilaiza zai saya ko UPS?

Alhaji, UPS. Sitabilaiza yana ɗaga wuta in ta yi ƙasa, ya sauke ta in ta yi sama, amma in an ɗauke, tare suke mutuwa da kwamfutar. UPS yana da batir a ciki da zai riƙe ka 'yan mintoci, daidai adana aikin mai jiran takardarsa da kashewa cikin natsuwa, ko tayar da janareta. Ka nemi wanda aka rubuta AVR a jikinsa, domin shi yana yin aikin sitabilaiza ma daidai gwargwado. Mai lamba 650VA ya isa kwamfuta ɗaya da allonta. Kada ka jona masa firinta mai aiki da hoda, tana jan wuta da yawa lokacin da take ɗumama kanta, za ta durƙusar da shi. Araha ba ta ado a nan: na hannu sau da yawa batirinsa ya riga ya mutu, don haka ka sa a gwada a gabanka, a jona kwamfuta a zare wuta ka ga minti nawa zai yi. Batirin mai bolt 12 ne, ana sayar da shi daban, kuma a zafinmu ka sa ran canza shi bayan shekara biyu ko uku. In da ƙaramin janareta kake aiki, ka yi sharaɗi da mai shago cewa za ka dawo da shi in bai karɓa ba, domin wasu UPS ɗin ba sa yarda da wutar janareta mai rawa, sai su yi ta ƙara suna komawa kan batir har ya ƙare.

Tunda kuma ka ce kana shirin ƙaro wata kwamfutar ta hannu, kafin ka jona ta ka leƙa bayanta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wasu tsofaffin da aka shigo da su daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi.