Tambayi Likita: Yaya za mu shirya gwajin kansar furostet a Agege?

Tambaya: Likita, ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Agege. Dattawanmu da yawa na fama da matsalar fitsari, amma ba mai zuwa asibiti. Muna son shirya taron wayar da kai da gwaji. Ta ina za mu fara?

Amsa: Malam sakatare, ku fara da Sarkin Hausawa da limamin Juma'a. Sanarwar liman bayan salla ta fi fosta ɗari tasiri. Mai bayani ya zama namiji mai jin Hausa, kuma a ware ɗaki, domin ba dattijon da zai yi zancen fitsarinsa a gaban 'ya'yan cikinsa.

Furostet wata 'yar ƙwaya ce kamar goro a ƙarƙashin mafitsara. Kansarta ce ta fi kowace kansa yawa tsakanin maza a Najeriya, kuma da farko ba ta nuna alama. Yawan tashi fitsari da dare ko fitsari ɗis-ɗis galibi girman ƙwayar ne da tsufa ke kawowa. Don haka kada ku kira masu ƙorafi kaɗai. Ku gayyaci duk wanda ya kai 45, ko 40 in mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin ciwon.

Gwajin PSA, wato auna yawan wani sinadari da furostet ke fitarwa, jini ake ɗiba a hannu. Ku faɗi wannan tun a sanarwa, don tsoron gwajin yatsa ta dubura ne ke korar mutane. A guji kusantar iyali da tuƙa keke kwana 2 kafin gwaji, mai ciwon sanyin fitsari kuma ya jira kimanin mako 6 bayan ya warke. In ba haka ba, lambar sakamakon na iya hawa ba gaira ba dalili. Ko ta wuce 4 ma ba hukunci ba ne. Yawancin irin waɗannan ba su da kansa, sai an ƙara bincike.

Inda taruka ke lalacewa shi ne bayan an watse. Sakamako ya fito, mai shi ya tafi Arewa noma ko hutun Salla. Ku kauce wa farkon damina da gab da Salla, ku karɓi lambar waya biyu daga kowa, ku naɗa mutum guda da zai raka waɗanda lambarsu ta hau zuwa sashen likitocin mafitsara na asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ko na LUTH a Idi-Araba, ya kuma yi musu tafinta.