Siddabaru a Gaban Kyamara: Tankin Ruwa da Batun "Za a Sake Ɗauka"

Tambaya: Na shekara shida ina wasan siddabaru a dandali, yanzu kuma wani gidan talabijin ya gayyace ni in yi wasan kwance sarƙa a cikin tankin ruwa. Mai shirya shirin ya ce kada in damu, tunda ba kai-tsaye za a watsa ba, idan an samu matsala za a tsaya a sake. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, kana da gaskiya da hankalinka bai kwanta ba. Ka riga ka san ƙananan matsalolin: kyamara ba ta bin hannun da kake son a kalla, fitilun ɗakin ɗaukar shiri suna tona zaren da ke ɓoye a dandali, kuma mai kallo yana iya maimaita hoton a hankali. Waɗannan duk atisaye tare da masu kyamara yana magance su.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "za a sake", wadda nake ji kullum daga bakin mutanen da ba su taɓa riƙe numfashi na minti ɗaya ba. Maimaitawar ita ce haɗarin. Idan mutum ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutse, iskar kabon da ke tunasar da jiki buƙatar numfashi tana raguwa a jini, sai ya suma a cikin ruwa ba tare da wata alama ba. A ɗauka ta huɗu ko ta biyar, bayan an bar ka kana rawar sanyi ana gyara fitila, yatsunka ba za su sarrafa makulli kamar a ta farko ba. Mai tace hoto yana iya yanke kuskure, amma ba ya mayar da rai.

A 2006 a birnin New York, masu ninƙaya ne suka tsamo mai siddabaru David Blaine daga tankin ruwa bayan ya riƙe numfashi minti 7 da ɗoriya, alhali da likitoci a gefensa. A 2019 wani mai siddabaru, Chanchal Lahiri, ya shiga kogin Hooghly na Indiya ɗaure da sarƙa, gawarsa aka fito da ita. Mai wasan kasada Jonathan Goodwin kuwa, a wurin atisayen wani shirin talabijin na Amurka a 2021 motoci biyu suka matse shi, ya rasa ikon tafiya. Lura, atisaye ne, ba kai-tsaye ba.

Takardar da za su ba ka ka sa hannu kamfanin take karewa, ba kai ba. Kafin ka amince, a rubuta adadin ɗaukar da za a yi a rana, a ajiye ma'aikacin lafiya da iskar oksijin a bakin tankin, kuma mataimakinka da ya san sirrin makullan, ba darakta ba, shi ne zai riƙe agogo da ikon buɗe murfi.